Idan Aka Kawo Ƙarar Maguɗi a Bincike: Yadda Jami'a Za Ta Bi Maganar

A ce kai ne shugaban sashe. Bayan Azahar wata ɗalibar digiri na biyu ta yi sallama a ofishinka, ta gaishe ka, ta ɗosana a bakin kujera, ta daɗe tana juya biro kafin ta ce, "Malam, akwai abin da na gani, amma ina jin tsoro." Abin da ta gani shi ne alƙaluman da ta tattaro a asibiti sun fito a wata mujalla da sunan wani babban malami, kuma adadin marasa lafiyan ya ninka, alhali ta san ba a koma an ɗebi jinin kowa ba.

Yawancinmu ɗayan biyu za mu yi. Ko dai mu kira malamin a waya mu ce ya zo a kashe maganar a cikin gida, ko kuma zuciya ta ɗebe mu mu faɗa wa abokan aiki, kafin Magariba ta zaga tsangaya. Duka biyun ɓata shari'ar suke yi. Na farko ya ba mai laifi damar share sawu, na biyu ya zubar da mutuncin mutumin da wataƙila bai yi komai ba. Abin da aka yi a makon farko shi ke yanke ko gaskiya za ta fito, don haka a nan zan fi daɗewa.

A fara sanin me ake tuhuma

Ba kowane aikin da ya lalace ne maguɗi ba. Ma'anar da jami'o'i da yawa suka ara ita ce wadda gwamnatin Amurka ta fitar a 2000, wadda ta ware abubuwa uku. Akwai ƙirƙirar bayanai, wato mutum ya zauna a ɗaki ya cike takardun tambayoyi da kansa ko ya rubuta sakamakon gwajin da bai yi ba. Akwai murɗe bayanai: an yi aikin, amma aka canza lambobi, aka zubar da waɗanda ba su dace da abin da ake so ba, ko aka taɓa hoto. Sai satar fasaha, wato ɗaukar kalmomi ko tunani ko sakamakon wani ba tare da an ambace shi ba. Ƙa'idar ta fitar da kuskure na gaskiya da saɓanin fahimta daga ciki. Wanda ya yi lissafi ba daidai ba gyara yake bukata, ba kwamitin ladabtarwa ba.

A gefen waɗannan akwai wasu da mu a nan muka fi haɗuwa da su: a cusa sunan shugaba a maƙalar da bai karanta ba, a cire sunan ɗalibin da ya yi wahalar, a yanyanka aiki ɗaya gida huɗu don tara makin ƙarin girma, a buga abu ɗaya a mujallu biyu, a shiga asibiti ko ƙauye ba tare da izinin kwamitin ɗa'a ba. Kafin ka motsa, ɗauko dokar da ta kafa jami'arku, da sharuɗɗan aikin manyan ma'aikata, da littafin ƙa'idojin makarantar manyan digirori, ka ga sunan da suka ba wannan laifi da wanda suka ɗora wa alhakin karɓar ƙara. Idan sun ce ofishin mataimakin shugaban jami'a ne ko daraktan bincike, to aikinka ka karɓa ka miƙa, ba ka zama alƙali ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambayar "daga wa ka ji?", kuma an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi ɓangare ne na addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Littafin ɗakin gwaji da takardun da aka cike a fili su ne isnadin mai bincike.

Mataki na ɗaya: karɓar ƙara

Ka saurare ta har ta gama. Sannan ka nemi ta rubuta: wace maƙala, wane shafi, wane jadawali, me ta gani da idonta, me kuma aka gaya mata. A bar siffanta halin mutum, a tsaya kan abin da za a iya dubawa. Ta sa hannu da kwanan wata, ka ba ta shaidar cewa ka karɓa.

Kada ka yi mata alkawarin cewa ba wanda zai taɓa sanin ita ce, domin idan magana ta kai gaban kwamiti wataƙila a bukaci shaidarta. Abin da za ka iya alkawari shi ne ba wanda zai ji sai wanda aikinsa ya wajabta. Kuma tun ranar ka fara tunanin kare ta. Idan wanda ake zargi shi ke duba kundinta, ko yana cikin masu ba ta maki, a nemi hanyar sauya shi cikin natsuwa. A Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, matasan masu bincike uku ne suka kai ƙarar Diederik Stapel a 2011, lokacin yana shugaban tsangaya, bayan sun shafe watanni suna tara hujja a ɓoye. Daga baya aka janye maƙalunsa fiye da 50. Da wanda suka fara gaya wa ya ɗaga waya ya tsegunta masa, da wuya a ji labarin.

Takardar da ba suna ma a duba ta, muddin ta nuna abin da za a iya tantancewa. Haka idan an san akwai jiƙaƙƙiya tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara. Sau da yawa za ka ji an ce, "Ai hassada ce, tun rikicin shugabancin sashe yake neman sa." Mai yiwuwa haka ne, amma maƙiyi ma yakan faɗi gaskiya, kuma jadawalin da ke shafi na shida bai san da wata gaba ba. Idan daga baya ta tabbata ƙazafi ne aka shirya da gangan, wannan laifi ne mai zaman kansa, a bi shi daban.

Mataki na biyu: a kulle hujja kafin a buɗe baki

Nan ne yawancin shari'o'i suke mutuwa. Dokar Amurka ta ce a karɓe bayanan binciken kafin a sanar da wanda ake zargi, ko a daidai lokacin da ake sanar da shi, kuma dalilin a bayyane yake: goge fayil aikin minti ɗaya ne.

Mutum biyu za su je, ɗaya daga ofishin magatakarda, ɗaya wanda ya san fannin, da takardar izini daga shugaban jami'a ko wanda ya wakilta. Abin da za a karɓa ya danganta da irin aikin: littattafan ɗakin gwaji, takardun tambayoyin da aka cike, takardun amincewar mahalarta, muryoyin hirarrakin da aka naɗa, fayilolin manhajar ƙididdiga ta SPSS ko Excel, hotuna na asali kafin a gyara su, samfuran da ke firiza, wasiƙun imel da mujallar, da takardun kuɗi idan TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ko wata hukuma ce ta ɗauki nauyi. Kada a manta da kwamfutar da ke haɗe da na'urar gwaji, domin takan ajiye ranar da aka yi kowane awo, kuma sau da yawa ita ke raba gardama. A rubuta kowane abu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu, a ba malamin kwafin jerin, a kuma ba shi kwafin bayanansa don ya ci gaba da aiki ya kuma shirya kare kansa. Fayilolin kwamfuta a kwafe su, a yi aiki da kwafin, a rufe na asali, domin buɗe fayil da sake ajiye shi yana canza ranar da ke jikinsa. Wayarsa ko kwamfutarsa ta kansa ba a ƙwace su. A nema a rubuce, idan ya ƙi a rubuta cewa ya ƙi. Idan akwai sunayen marasa lafiya a ciki, a tuna Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana hawa kan kwamitin kamar yadda take hawa kan mai binciken.

To idan ya ce bayanan sun ɓace? A ƙasarmu wannan na faruwa da gaske: wuta ta ƙona kwamfuta, ruwa ya shiga ofis, gara ta ci takardu, an sace jaka a tasha. Kada a yi saurin ƙaryata shi. Amma aikin da aka yi da gaske yana barin sawu a wurare da yawa. Rajistar asibiti za ta nuna ko an ga marasa lafiya masu yawan haka a watannin da aka ambata. Mataimakan da suka raba takardu suna nan da ransu. Mai unguwa ko dagaci zai tuna ko an zo. Ma'ajiyar sashe za ta nuna ko an fitar da sinadaran da gwajin ke bukata. Wanda ya yi aiki zai taya ka neman waɗannan da kansa.

Abu ɗaya ba ya jiran kwamiti. Idan binciken yana gudana a kan mutane, musamman marasa lafiya ko yara, a sanar da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya a ranar, domin shi ke da ikon dakatarwa. Mutanen Kano ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu, kuma daga baya ta fito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama, aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa ya fito a 2007. Saboda haka duk takardar izini da aka miƙo, a je ofishin da aka ce ya bayar a duba lambarta da ranarta a rajistarsu.

Mataki na uku: dubawar farko

Yanzu a sanar da wanda ake zargi a rubuce, a faɗa masa ainihin abin da ake tuhuma, a ba shi lokaci ya amsa. Mutum biyu ko uku sun isa wannan mataki, kuma tambayarsu ɗaya ce: akwai abin da ya kai a kafa cikakken kwamiti? Ba su ne za su ce ya yi ko bai yi ba. A sa musu wa'adi. Dokar Amurka ta 2005 ta ba dubawar farko kwana 60, cikakken bincike kwana 120, gyaran 2024 ya mai da su 90 da 180. Ba dole mu kwafi lambobin ba, amma shari'ar da ba ta da wa'adi azaba ce ga kowa.

Idan satar fasaha ce, a yi hattara da kason da manhajojin kwatanta rubutu irin su Turnitin ko EagleScan suka fitar. Kamanceceniya kawai suke aunawa. Kundi na iya nuna kashi 30 saboda jerin manazarta da ayoyi da sunayen dokoki, kuma ba sata a ciki. Wani na iya nuna kashi 5, alhali wannan ɗan kason shi ne zuciyar aikin, an ɗauko ta daga wani. Sai mutum ya ajiye rubutun biyu gefe da gefe ya ja layi. Ga masu aiki da Hausa da Larabci matsalar ta fi haka. Wanda ya fassara babi guda daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ya sa sunansa, manhaja da wuya ta kama shi, kuma tsofaffin kundayen da ke jere a kantocin ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato da yawansu ba a taɓa sa su a kwamfuta ba. A nan dattijon malamin da ya karanta su shekaru talatin da suka wuce ya fi kowace na'ura amfani.

Rikicin jerin sunaye a maƙala, idan ba ƙarya a cikin aikin, ana iya sasanta shi a wannan mataki. Sulhu yana da muhalli a nan. Ba shi da muhalli a ƙirƙirar bayanai, domin wanda aka cuta ba ya cikin ɗakin: shi ne likita ko manomi ko ɗalibin da zai karanta ya gaskata.

Mataki na huɗu: cikakken kwamiti

Zaɓen mambobi shi ne rabin aikin. Kada a sa wanda ya taɓa buga maƙala da mai ƙara ko wanda ake ƙara, ko tsohon ɗalibinsa, ko surukinsa, ko abokin takararsa. A ɗauko aƙalla masani ɗaya daga wata jami'a, da masanin ƙididdiga idan lambobi ake tuhuma. A nuna wa wanda ake zargi sunayen, ya faɗi idan yana da ƙorafi a kan wani.

Kotunanmu sun yi magana a kan wannan tuntuni. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai a 1986, bayan tarzomar 1983. Cikin dalilan akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci kwamitin yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, kuma laifuffukan da ake tuhuma na kotu ne. A shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, kotun ta mayar da farfesoshin da aka sallama ba tare da bin matakan da dokar jami'ar ta shimfiɗa ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum. Ma'anarsa a aikace: a ba shi tuhuma dalla-dalla, ya ga hujjojin, ya kawo shaidunsa, ya amsa abin da aka faɗa a kansa, a naɗi kowane zama, kowane mai shaida ya karanta abin da aka rubuta daga bakinsa ya sa hannu. Idan aka ci karo da sa hannun jabu ko cin kuɗin tallafi, wannan ɓangaren a miƙa wa lauyan jami'a ya kai inda ya dace, kwamiti ya tsaya kan ingancin binciken.

Wajen duba hujja, lambobin da mutum ya ƙirƙira sukan tona kansu, domin sukan yi kyau fiye da yadda rayuwa take. Ta haka John Carlisle, likita a Ingila, ya nuna a 2012 cewa sakamakon gwaje-gwaje 168 na Yoshitaka Fujii na Japan ba zai yiwu ya fito haka bisa dace ba. A takardun tambayoyi a duba rubutun hannu da kalar biro da amsoshin da ke maimaita kansu. A hotuna a duba ko guda ɗaya aka juya aka ba shi suna biyu. Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalu fiye da 20,000 a 2016, suka sami irin wannan a kusan 4 cikin 100.

Sannan a tambayi kowane mai suna a maƙalar me ya yi da hannunsa. Kada a bari a jibge laifi a kan ƙarami. Ɗalibin da mai duba aikinsa ya ce masa "je ka gyara lambobin su fito" ya yi laifi, amma ba shi kaɗai ba, kuma ba shi ne babba ba. Wanda kuma ya karɓi makin ƙarin girma da maƙala ba zai ce yau bai san abin da ke cikinta ba.

A kuma kula da lafiyar mutane. A rikicin binciken ƙwayoyin halitta na STAP a cibiyar bincike ta RIKEN ta Japan a 2014, Yoshiki Sasai, babban masanin da ba a same shi da ƙirƙirar komai ba, ya kashe kansa ana tsakiyar ƙurar. Wanda ake tuhuma yana da iyali da maƙwabta da masallacin da yake sallah. A riƙe sirrinsa, a bar shi ya zo da wanda zai rako shi, kada a dakatar da albashinsa sai yadda doka ta tanada.

Mataki na biyar: rahoto da hukunci

Rahoto ya ɗauki kowace tuhuma ita kaɗai, ya amsa tambaya uku: abin ya faru? Ya kauce wa abin da masu fannin suka yarda da shi kaucewa mai girma? Da gangan ne, ko da sani, ko da ganganci? Ma'aunin shi ne inda hujja ta fi rinjaya. A ba wanda ake zargi daftarin ya yi martani, a haɗa martaninsa a ciki.

Kwamiti shawara yake bayarwa. Sallamar malami ta Majalisar Gudanarwa ce, digiri kuma na Majalisar Dattawan jami'a ne, ita ke bayarwa ita ke janyewa, kamar yadda Jami'ar Bayreuth ta janye digirin dakta na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, a 2011. Hukunci ya dace da laifi: ɗalibin ajin ƙarshe da ba a taɓa koya masa yadda ake ambaton madogara ba, ba ɗaya yake da farfesan da ya ƙirƙiri marasa lafiya ba. A faɗa wa mutum inda zai ɗaukaka ƙara da kwanakin da yake da su. Idan kuma an wanke shi, a wanke shi a rubuce, a aika wa duk wanda aka sanar da tuhumar tun farko.

Mataki na shida: gyara abin da aka riga aka buga

Wannan ne aka fi mantawa. An hukunta mutum, an rufe fayil, maƙalar tana nan a intanet ana kafa hujja da ita. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda aka gina kan yara 12 ta jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, sai a 2010 mujallar Lancet ta janye ta, bayan iyaye da yawa sun riga sun guji allurar.

Magatakarda ya rubuta wa editan kowace mujalla, ya ambaci maƙalar da jadawalin da abin ya shafa da abin da aka gano. Mujallu da yawa suna bin ƙa'idojin COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da aka kafa a 1997, kuma editan ne zai zaɓi gyara ko janyewa. A sanar da wanda ya ba da kuɗin binciken. A ɗauke kundin daga ɗakin karatu da rumbun intanet, ko a manna masa sanarwa. A sake lissafa makin ƙarin girman da aka samu da maƙalar. A Nijar, inda ƙarin girman malaman jami'a ke bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, a sanar da ita, domin tana da nata kundin ɗa'a. Idan malamin ya ajiye aiki ana tsakiyar bincike, a ƙarasa a rubuta rahoto, in ba haka ba wata jami'ar za ta ɗauke shi ba ta san komai ba.

Sai a koma kan ɗalibar da ta fara sallama. Bayan wata uku, da kuma bayan wata shida, ka kira ta ka tambaya: an ba ta sabon mai duba aiki? An sa mata ranar kare kundi? Akwai wanda ya ƙi sa mata hannu a takarda, ko makinta ya faɗi ba dalili? Idan bayanan da aka murɗe nata ne, a mayar mata da na asali, a taimaka mata ta buga su da adadinsu na gaskiya da sunanta a gaba.